Allura a Jikin Filasta

 Daga nan Jos ake kawo muku wannan shiri na faɗakarwa, kuma yau zancen allura za a yi.

Duk wanda hannunsa ba ya kan sitiyari, ya ɗan dubi bayan hannun nasa. Saman wannan fatar da yake gani matacce ne. Wani siririn ɓawo ne, shi ne wanda ke yin fari fat idan hunturun Disamba ya sauko garin nan aka kwana biyu ba a shafa mai ba. Kaurinsa bai wuce maikiromita 10 zuwa 20 ba. Maikiromita kuwa, sai an raba milimita ɗaya gida dubu sannan a ɗauki kashi guda, wato silin gashin kai ɗaya ya ninka wannan ɓawo kauri. Amma duk rashin kaurin nasa, shi ke hana ruwan jiki tsiyayewa, shi ke tare ƙwayoyin cuta, kuma shi ɗin ne ke tare magani. Magunguna ƙalilan ne masu ƙananan ƙwayoyi suke iya ratsa shi idan an shafa. Insulin na masu ciwon suga ba ya wucewa, maganin rigakafi ma haka. In an haɗiye su kuma, yawancinsu ciki zai narkar da su kamar yadda yake narkar da nama.

Shi ya sa ake komawa ga sirinji. Domin a tsallake abin da bai kai kaurin gashi ba, sai a soka ƙarfe mai tsawon santimita 2 ko fiye, ya ratsa fata, ya ratsa kitse, ya nutse cikin tsoka, yana taɓa jijiyoyin jin zafi a kan hanya. Likita ya saba da wannan. Injiniya kuwa da ya gani sai ya ce aikin ya yi wa matsalar yawa.

Wanzamai sun daɗe da sanin wani ɓangare na wannan magana. Idan wanzami zai yi wa mai ciwo shasshawa, ba ya nutsa askarsa. Tsaga yake yi sama-sama, jere da juna, sannan ya goga garin magani a wurin. Ya gane cewa in dai an buɗe saman fata, abin da aka shafa zai shiga. Illar ita ce aska ɗaya ga mutane da yawa, da maganin da babu wanda ya auna, kuma ciwon hanta ya sha bin wannan hanya. Abin da injiniyoyi suka yi shi ne suka ƙanƙanta askar har ido ya kusa daina ganinta, suka auna zurfin, suka auna maganin, suka kuma sa ta zama ta mutum ɗaya, sau ɗaya.

Tunanin ya riga kayan aiki zuwa. A shekarar 1976 wasu mutum biyu a Amurka, Martin Gerstel da Virgil Place na kamfanin Alza, suka sami rajistar mallakar wata dabara: filasta mai ɗauke da mitsi-mitsin tsinaye da za su huda saman fata kaɗai. A takarda ta tsaya, don a lokacin babu injin da zai ƙera abu ƙarami haka da yawa. Sai da masana'antar kwamfuta ta ƙware wajen sassaƙa silikon sannan hanya ta buɗe.

A jami'ar Georgia Tech da ke Atlanta aka haɗa abin biyu. Akwai Mark Prausnitz, injiniyan sinadarai wanda fata ce abin bincikensa, akwai kuma Mark Allen, injiniyan lantarki mai ƙera ƙananan na'urori. Amma waɗanda suka sanya farar riga suka shiga ɗakin da ƙura ba ta shiga, suka ɓata silikon suka sake, ɗalibansu ne, Sebastien Henry da Devin McAllister. A takardar da suka wallafa a 1998 sunayen ɗaliban ne a gaba. Sun ƙera allurai 400 a jere, layi 20 kowane layi 20, a kan fili da bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, kowace allura tsawonta maikiromita 150. Da suka danna su a kan fatar mutum a ɗakin gwaje-gwaje suka zare, sai wani rinin gwaji ya riƙa ratsawa fiye da da, ninki dubbai. A 2001 aka gwada a jikin mutane masu rai don a ji ko da zafi. Waɗanda aka danna wa ba su iya bambanta alluran da silikon mai santsi wanda babu tsini a jikinsa ba.

A nan ya kamata a yi gaskiya a kan kalmar da ake tallata abin da ita, wato babu zafi. Wani ɗalibin digirin digirgir a wannan ɗakin gwaje-gwajen, Harvinder Gill, ya bi diddigi a 2008. Ya gwada allurai masu tsawo daban-daban, daga maikiromita 480 zuwa 1,450, ya tarar zafinsu yana tsakanin kashi 5 da kashi 40 cikin ɗari na zafin allurar asibiti. Tsawo ne ya fi komai tasiri: da an ƙara shi, zafi ya tashi. Saboda haka akwai iyaka. Gajeruwa da yawa ba za ta kai magani ba, doguwa da yawa ta koma allurar da aka gudu. A tsakanin nan ne injiniya yake neman ma'auni, kuma abin da mutum yake ji a lokacin danni ne da ɗan kaushi, wani lokaci da ƙaiƙayi da ja a wurin na 'yan kwanaki.

Silikon ya nuna hanya amma ba a zauna a kansa ba. Yana da gautsi, yana da tsada, kuma babu mai son tsininsa ya karye a cikin fatarsa. Aka gwada ƙarfe da aka shafe da magani, aka gwada masu rami a tsakiya irin na sirinji. Wadda ta fi jan hankali ita ce allurar da ke narkewa. A 2005 masu bincike a Japan suka ƙera ta da wani nau'in sukari. A 2010 wani ɗalibin Prausnitz, Sean Sullivan, ya nuna cewa allurar da aka yi da sinadari mai narkewa a ruwa, da rigakafin mura busasshe a cikinta, ta kare ɓeraye. Ana dannawa, damshin jiki ya narkar da tsinayen cikin mintuna, maganin ya zauna a fata. Abin da ake ɓamɓarewa filasta ce kawai, babu sauran tsini da zai soki wani.

Fata kuma ba hanyar wucewa kaɗai ba ce. A 1868 wani ɗalibin likitanci a birnin Balin na Jamus, Paul Langerhans, yana da shekara 21, ya hango wasu ƙwayoyi masu rassa a cikin fata. Ya zaci na jijiya ne. Sai bayan kusan shekara ɗari aka gane na garkuwar jiki ne, aikinsu su kama baƙon abu su kai rahoto. Fata cike take da irinsu, fiye da tsoka nesa ba kusa ba. Iyaye mata sun san lambar BCG da ake yi wa jariri a dantse: a cikin fatar ake zuba ta, kuma ma'aikatan lafiya za su shaida cewa sai hannu ya saba kafin a iya ta, don kuskure kaɗan allurar ta wuce ƙasa. Dattawan da ke da tabon lambar agana a hannu su ma a fata aka yi musu. Filasta mai allurai tana kai magani wannan wurin ba tare da an nemi gwanin hannu ba.

A 2017 mujallar likitanci ta Lancet ta buga gwajin da aka yi a jami'ar Emory kan manya 100. Filasta ce mai allurai 100, aka manna a wuyan hannu na minti 20, wasu ma da kansu suka manna. Garkuwar da suka samu daga mura ta yi daidai da ta waɗanda aka yi wa allura, kuma maganin da ke jikin filastar ya shekara a zafin digiri 40 bai lalace ba.

Wannan magana ta digiri 40 ita ce ya kamata mutumin Filato ya riƙe, fiye da maganar zafin allura. Jos gari ne mai sanyi, yana kan tudu kimanin mita 1,200, amma jihar ba a Jos ta ƙare ba. A gangara Shendam, ko Langtang, ko Wase, ko Kanam a watan Maris a ji yadda rana take. Rigakafin ƙyanda gari ne a cikin kwalba, kuma dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8 tun daga ma'ajiyar jiha har zuwa ƙaramin asibitin ƙauye. Firji, wuta ko hasken rana, akwatin sanyi, ƙanƙara, babur, hanyar da ruwan sama ya cinye: duk inda ɗaya ya gaza, maganin ya raunana, kuma ido ba ya gani. Idan an iso, sai an dama garin da ruwansa na musamman. Daga lokacin da aka dama, awa 6 ke gare shi, abin da ya rage zubarwa ake yi. Kwalbar kuma galibi ta yara 10 ce. To, uwa ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa da goyo, ta tarar ita da wata ne kawai suka zo. Ma'aikaciya tana duban kwalbar, tana lissafin guda 8 da za su tafi a banza, sai ta ce, "Mama, ki yi haƙuri ki dawo ranar Talata, in an taru." Wata za ta dawo. Wata ga shuka, ga kasuwa, ga kuɗin babur, shi ke nan. Ba mugunta ba ce ta sa ma'aikaciyar faɗin haka, tsarin kwalbar ne. Najeriya tana da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu ko allurar rigakafi ɗaya ta yau da kullum ba, kuma irin wannan ranar tana cikin dalilai.

Filasta ɗaya ta yaro ɗaya ce. Babu damawa, babu awa 6, babu jiran a taru. An gwada wannan a nan Afirka ta Yamma. A watan Afrilun 2024 Lancet ta buga sakamakon gwajin da sashen binciken lafiya na MRC da ke Gambiya ya yi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ed Clarke, sunan Dakta Ikechukwu Adigweme ne na farko a takardar. Filastar ta kamfanin Micron Biomedical ce, wanda ya tsiro daga ɗakin gwaje-gwajen Georgia Tech ɗin nan, tana ɗauke da rigakafin ƙyanda da rubela. An fara da manya 45, sannan yara 120 masu wata 15 zuwa 18, sannan jarirai 120 masu wata 9 zuwa 10. Ana manna ta a wuyan hannu na minti 5. Cikin jariran da aka manna wa, sama da kashi 90 cikin ɗari sun sami kariya daga ƙyanda, dukkansu kuma sun samu daga rubela, daidai da 'yan uwansu da aka yi wa allura. Wannan ne karo na farko da aka ba jarirai rigakafi ta wannan hanya.

Mutanen Vom ba za su yi mamakin wannan lissafi ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can, wadda take wurin tun 1924, ta yi shekaru tana haɗa rigakafin bushiya, annobar shanun da aka ayyana ƙarewarta a duniya a 2011, kuma rigakafi mai jure zafi na cikin abin da ya ƙarasa wannan yaƙi a ƙasashen Afirka. Har yau cibiyar tana haɗa wa kajin gida wani rigakafin annobar Newcastle mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha. Sun san cewa maganin da ba ya iya tafiya sai da firji ba ya isa ruga.

Sai maganar shara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana yin allura kimanin biliyan 16 a duniya kowace shekara. A ƙiyasinta na 2010, allurar da ba ta da tsabta ta jawo wa mutum kusan miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B, wasu 315,000 nau'in C, wasu kimanin 33,800 kuma cutar ƙanjamau. Duk wanda ya taɓa ganin yara suna wasan ruwa da tsohon sirinji a bayan wani kemis ya san inda labarin yake farawa. Allurar da ta narke ba a maimaita ta.

Amma fa kada mai sauraro ya ɗauka sirinji ya kusa yin ritaya. Tsinayen nan ƙanana ne, abin da suke ɗauka bai fi miligiram ɗaya ko 'yan kaɗan ba, alhali ƙwayar farasitamol guda miligiram 500 ce. Allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ƙarin ruwa, ƙarin jini, duk suna nan yadda suke. Filasta ta dace ne da abin da kaɗan ɗinsa ke aiki: rigakafi, insulin, maganin tazarar haihuwa. Ko a nan ma an sha faɗuwa. Kamfanin Zosano na Amurka ya yi shekaru yana haɗa filastar ciwon ɓarin kai, a 2020 hukumar magunguna ta ƙasar ta ƙi amincewa da ita, cikin dalilanta har da cewa yawan maganin da ke shiga jini yana bambanta daga rukunin da aka ƙera zuwa wani. A 2022 kamfanin ya durƙushe. Ƙera guda ɗari a ɗakin gwaje-gwaje abu ne da ɗalibi zai iya. Ƙera miliyan ɗari, kowace daidai da 'yar uwarta, babu ƙwayar cuta, a farashin da gwamnatin jiha za ta iya saya, nan ne gizo ke saƙar. Gwajin Gambiya ma mataki na ɗaya da na biyu ne, sai an yi babba na uku kafin a ba da lasisi.

To ina ɗalibin Jos ya shigo? Zamanin da sai da ɗakin sassaƙa silikon ya wuce. Yau ana zuba alluran ne a mazubin roba mai laushi, wanda ke da ramuka siffar tsinin. A dama sinadarin da ruwa ya yi kauri, a zuba, a sa a injin juyawa irin wanda ake tace jini da shi a kowane ɗakin gwajin asibiti don ya tura haɗin har ƙasan ramukan, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu, a ɓamɓaro a hankali. Idan aka ɗaga shi a haske za a ga ɗan fili mai sheƙi, faɗin farcen babban yatsa, a kai jerin tsinaye da sai an ƙanƙance ido. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ne ake ganin gaskiyar aiki: wannan tsinin ya fito ras, wancan kumfar iska ta cinye kansa, na gefe ya lanƙwashe tun wajen cirewa. Gwajin ƙarfinsu ma an sauƙaƙa shi. A 2014 masu bincike a ɗakin Farfesa Ryan Donnelly a jami'ar Queen's da ke Belfast suka nuna cewa in an ninka wata siririyar ledar ɗakin gwaji mai suna Parafilm ninki 8, za ta tsaya a madadin fata. A danna alluran na daƙiƙa 30, a warware ledar, a ƙirga hujin da ke kowane ninki, sai a san zurfin da suka kai.

Abin da ake zubawa a mazubin shi ne inda ƙasar nan take da bakin magana. A 2013 wasu masu bincike a Taiwan suka haɗa sitaci da jelatin suka yi allurai, suka ba ɓeraye masu ciwon suga insulin, sukarin jininsu ya sauka. Sitaci ne fa, abin da ke cike da dankalin Bokkos da Mangu da rogon kudancin jihar. Ga ƙaro da ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa, wanda masana'antun magani na duniya suka daɗe suna saya. Ko sitacin dankalinmu zai yi tsinin da zai huda fata bai karye ba? Ko zai jure damshin watan Agusta a Jos, lokacin da gishiri ma ke jiƙewa a kicin, sannan ya jure ƙurar hunturu? Wace irin leda za a rufe shi da ita? Filastar za ta manne a hannun yaron da ke gumi, ko wanda aka shafe da man kaɗanya? Ja da kumburin da ake dubawa bayan an cire, yaya ake gane su a baƙar fata? Tambayoyi ne da mai bincike a Atlanta ba zai fara tunaninsu ba, kuma kowace ta isa aikin kammala digiri. Jelatin ma da maganarsa: daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, babban kaso na wanda ke kasuwar duniya kuma na alade ne, don haka wanda ya iya fitar da mai kyau daga saniya ko kifi ya kawar da wata gardama tun kafin ta tashi.

Kayan haɗin suna warwatse a garin. Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen jami'ar Ibadan ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana da tsangayar haɗa magunguna da ta injiniya. Asibitin koyarwarta yana Lamingo. Cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa tana nan Jos, Vom kuma tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce. Aikin 1998 ya yiwu ne don injiniyan sinadarai da na lantarki sun zauna a benci ɗaya. A jami'o'inmu an fi sabawa kowane sashe ya kulle ƙofarsa, ɗalibi ya rubuta aikinsa shi kaɗai, a ɗaure a ajiye a kanta. Wannan al'ada ta fi rashin kuɗi kashe irin wannan bincike.

Akwai kuma abin da injiniya ba zai gyara da mazubi ba. Maganin shan inna ɗigo ne a baki, babu zafi ko kaɗan, amma a 2003 jihar Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da shi, mutane na tuna gwajin maganin Trovan na 1996. Sai da sarakuna da malamai suka shigo, aka bi gida-gida shekara da shekaru, kafin a ayyana Najeriya ta rabu da nau'in cutar na daji a watan Agustan 2020. A ɗaya gefen kuma akwai manyan da in suka je kemis ba a yi musu allura ba, gani suke ba a duba su ba. A wurinsu zafin ne shaidar ƙarfin magani. Wanda zai kawo wa waɗannan mutane filasta ya ce rigakafi ce, sai ya shirya bayani, kuma zai fi shiga kunne idan mai bayanin ɗan gari ne da ya taɓa abin da hannunsa.

Gargaɗi ɗaya kafin lokaci ya cika. A wasu shagunan gyaran jiki ana sayar da wani ɗan gangare mai ƙananan allurai da ake murzawa a fuska don tabo ko a kai don gashi. Wannan kayan kwalliya ne, ƙarfensa ba ya narkewa, kuma in an yi wa mutum biyu da guda ɗaya, hatsarinsa ɗaya da na aska. Duk wanda kuma ya zo da filasta a kasuwa ko a mota ya ce rigakafi ce ko maganin suga, a nemi lambar rajistar NAFDAC, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya. Rigakafin ƙyanda dai a yanzu da sirinji ake yin sa, kyauta, a asibitin unguwa: na farko idan yaro ya cika wata 9, na biyu a wata 15, kuma a riƙa zuwa da katin yaron.

A nan shirin zai dakata. A huta lafiya.